Yadda Ake Canza Ma'ajin Kwamfuta Daga HDD Zuwa SSD Ba Tare da Sayen Wanda Bai Dace Ba

Galibin laftof ɗin da ke hannun ɗaliban Jami'ar Jos da masu shagunan buga takardu na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Injina ne masu ƙarko, domin aikin ofis na shekaru aka ƙera su. Sai dai kukan da ake yi da su ɗaya ne. Ka kunna ka zauna jira, ka danna Word 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, kwastoma yana tsaye a kanka yana duba agogo. Daga nan sai mutum ya yanke cewa kwamfutar ta tsufa, ya shiga tara kuɗin wata. A mafi yawan lokuta kuwa lafiyarta ƙalau, ma'ajin bayanan da ke cikinta ne yake jan ta baya.

Cire tsohon ma'aji a sa sabo bai fi ƙarfin wanda ya iya riƙe sukurudireba ba. Inda ake yin asara shi ne wajen saye. Mutum ya je titin Ahmadu Bello ko wajen Taminus ya ce a ba shi SSD, a miƙo masa, ya biya, ya koma gida ya tarar ko dai bai shiga ramin ba, ko ya shiga amma kwamfuta ta ƙi ganinsa. Don haka rabin wannan bayani a kan abin da za ka sani ne tun kafin ka fita daga gida.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

In ana maganar ma'aji, tambayoyi uku ne daban-daban: wane iri ne, wace siffa gare shi, kuma ta wace hanya yake magana da kwamfuta.

Iri dai biyu ne manya. HDD, wanda masu gyara ke kira had dis, faifai ne na gaske yake juyawa a cikinsa, sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, ga wani siririn hannu yana kai-komo a saman faifan yana karantawa yana rubutawa. Tsohuwar fasaha ce, tun 1956 kamfanin IBM ya fitar da na farko. Duk fayil ɗin da ka nema, sai hannun ya tafi inda yake, ya jira faifan ya juyo da shi. Shi kuwa SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, ƙananan ƙwayoyin lantarki ne irin na mimori da filash, amma masu inganci da sauri. Lokacin da yake ɗauka kafin ya kai ga bayani ya gaza na HDD da kusan ninki ɗari, kuma a nan ne ainihin bambancin da za ka ji yake, domin Windows dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse duk sanda aka kunna ta.

Akwai na uku da ya kamata a yi hattara da shi, wato eMMC. Shi ne a cikin ƙananan laftof masu araha masu giga 32 ko 64, irin su HP Stream. A manne yake da babban allon kwamfutar, wanda ake kira bod, ba ya ciruwa. In irinta ce a hannunka, sai dai ka nemi ƙarin wuri ta waje.

Siffa kuma ita ce girman jiki. Akwai inci 3.5 na kwamfutar tebur, akwai inci 2.5 na laftof, wanda HDD da SSD duka suna zuwa a cikinsa. Akwai mSATA, ɗan gajeren kati mai faɗi da ya yi tashe a laftof na wajejen 2011 zuwa 2014. Sai M.2, siririn kati mai faɗin milimita 22, wanda shi ne a kusan duk kwamfutocin yanzu.

Hanyar magana ita ce ta uku. Tsofaffin kwamfutoci na farkon shekarun 2000 suna amfani da IDE, mai faffaɗar waya da haƙora 40, na laftof kuma 44. SATA ta gaje ta daga 2003, kuma zubinta na uku da ya fito a 2009 shi ne ake kai har yau. Iyakar abin da SSD ke iya yi a kanta kusan megabait 550 ne a daƙiƙa. Sai NVMe, wadda ke bi ta layukan PCIe kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta. A kan PCIe zubi na uku tana kaiwa kusan megabait 3500 a daƙiƙa, a zubi na huɗu kusan 7000.

Abin da za ka riƙe shi ne: M.2 sunan siffa ne kawai. Katin M.2 zai iya zama mai SATA, zai iya zama mai NVMe, kuma a ido kusan ɗaya suke.

Mataki na farko: gano abin da ke ciki yanzu

Kunna kwamfutar, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, zaɓi Disk 0. A sama za ka ga sunan ma'ajin da lambarsa, a ƙasa kuma, in Windows ɗinka ba tsohuwa ba ce sosai, za a rubuta maka ko SSD ne ko HDD. Rubuta lambar a takarda.

Kafin ka rufe, tsaya ka kalli zanen na 'yan mintuna kana buɗe abubuwan da ka saba buɗewa. In ka ga aikin faifan ya maƙale a kashi 100 alhali CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana hutawa, ka gano mai laifin. In kuwa Memory ce, wato RAM, inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ta cika fal, to akwai matsala ta biyu: kwamfuta mai RAM giga 4 za ta ji daɗin SSD sosai, amma sai an kai ta giga 8 za ta saki jiki da burauza mai shafuka da yawa.

Sannan juya laftof ɗin ka kwafi cikakken sunanta. "HP Core i5" ba suna ba ne. Dubban kwamfutoci ne ke amsa shi. Abin da ake so shi ne irin EliteBook 840 G3 ko ThinkPad T430, har da harafi da lambar ƙarshe.

Mataki na biyu: gano ramin da kwamfutarka take da shi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Da cikakken sunan nan, nemi littafin gyara na kwamfutar a shafin kamfaninta. HP da Dell da Lenovo duka suna ajiye su kyauta, da hotunan inda kowane noti yake, da jerin ma'ajan da kwamfutar ke karɓa. Ko da Turancin ya yi maka nauyi, kalmomi huɗu kawai kake nema a ciki: SATA, mSATA, M.2, da NVMe ko PCIe.

Bayan haka ka buɗe bayan kwamfutar ka gani da idonka, domin injin na hannu ba lallai ne ya zo yadda kamfani ya fitar da shi ba. Yadda ake buɗewa yana nan a mataki na shida. In ka ga akwati mai faɗin tafin hannu a kwance a gefe, wannan inci 2.5 ne mai SATA. Bakinsa kashi biyu ne, gajere mai haƙora 7 na bayanai, dogo mai haƙora 15 na wuta. Duk SSD mai inci 2.5 zai zauna a gurbinsa. Ko da ramin tsohon zubi na biyu ne zai yi aiki, sai dai gudunsa ya ragu zuwa kusan rabi, kuma ko a haka ya yi wa HDD fintinkau. Kaurin SSD yawanci milimita 7 ne, tsofaffin faifai kuma 9.5, don haka in ya yi lako-lako a gurbin sai a sa ɗan abin tokarewa.

In kuwa siririn rami ka gani a kan bod, da mazaunin noti ɗaya a ɗan nesa da shi, M.2 ne. Auna tsakanin ramin da mazaunin notin. Lambobin da ake rubuta wa katin su ne faɗi da tsawo: 2280 na nufin faɗi 22, tsawo 80, kuma shi ya fi yawa. Akwai 2242 da 2230, gajeru. Dogon kati ba ya zama a gurbin gajere.

Yanzu duba bakin katin, wajen haƙoran nan masu ruwan zinare. Za ka ga giɓi. In giɓi ɗaya ne kuma haƙora biyar ne suka rage a ƙaramin ɓangaren, ana kiransa M, kuma kusan kullum NVMe ne. In giɓi biyu ne, ɗaya a kowane gefe, ana kiransa B+M, kuma galibi SATA ne. Na ce galibi, saboda akwai 'yan NVMe masu giɓi biyu. Rubutun da ke jikin katin ne zai raba gardama. Matsalar ita ce kati mai giɓi biyu yana shiga ramin M ba tare da wata gardama ba, ya zauna daram, ka ɗaure noti, ka kunna, kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Kamar makulli ne da ya shige kwaɗo sumul amma ya ƙi murɗawa. Wasu ramukan SATA kaɗai suke ji, wasu NVMe kaɗai, wasu duka biyun. EliteBook 840 G3, alal misali, ramin M.2 ɗinta yana karɓar duka biyun, ga kuma gurbin inci 2.5 a gefe. Amma wannan labarin ita ne, ba na kowace EliteBook ba.

Kada ƙananan ramuka biyu su ruɗe ka. Wanda katin Wi-Fi yake ciki, mai sirarran wayoyi biyu baƙa da fara, ba na ma'aji ba ne. Akwai kuma ramin katin layin waya da wasu laftof na ofis ke zuwa da shi babu komai a ciki. A wasu injina yana karɓar ma'aji: ThinkPad T430 tana ɗaukar mSATA a nan. A wasu kuwa ba ya yi. Littafin ne zai faɗa maka.

Masu MacBook su yi hankali na musamman. Waɗanda ke da ƙwaƙwalwar M1 zuwa sama ma'ajinsu a manne yake, ba a canzawa. Na tsofaffin MacBook Air na 2013 zuwa 2017 yana ciruwa, amma bakinsa na Apple ne, katin M.2 ba ya shiga sai da mahaɗi.

Ɗauki hoton ramin da wayarka, da hoton rubutun tsohon ma'ajin. Da su za ka tafi kasuwa.

Mataki na uku: yanke shawarar girma da iri

Ga ɗalibi ko mai shagon buga takardu, giga 256 shi ne mafi ƙaranci da zan ba da shawara, 512 kuma shi ne kwanciyar hankali. Giga 128 ba ya daɗewa yake cika, Windows da sabunta kanta kaɗai sun cinye kaso mai tsoka, kuma SSD in ya cika maƙil gudunsa raguwa yake yi.

In ramin naka yana karɓar duka biyun kuma kuɗinsu ya yi kusa, ɗauki NVMe. Amma kada ka matsa wa aljihunka saboda manyan lambobin da ke jikin kwali. A aikin Word da Excel da intanet, da wuya ka iya bambance SSD mai SATA da mai NVMe. Tsallen da ake ji a jiki shi ne daga HDD zuwa kowane irin SSD. Haka nan katin zubi na huɗu in ka sa shi a ramin zubi na uku zai yi aiki, amma da gudun na uku, ka ga ƙarin kuɗin ya tafi a banza.

Masu tace bidiyo, kuma Jos ba ta rasa su ba tunda nan ne mazaunin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta, lissafinsu daban ne. Su ne NVMe ke yi wa rana da gaske, saboda manyan fayiloli suke ja. Tsarin da ya dace da su shi ne NVMe don aikin da ke hannu, babban HDD mai tera 2 ko 4 (tera ɗaya giga dubu ce) don ajiye wanda aka gama, tunda a kan kowace giga HDD ya fi araha nesa ba kusa ba. Mai neman faifan na'urar kyamarar tsaro kuma ya nemi irin da aka yi don rubutu dare da rana, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk.

Wani abin lura kafin ka zuba kuɗi da yawa a tsohon inji: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a ƙa'ida Windows 11 tana son ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama. Wannan bai hana ka gyara tsohuwar laftof ba, SSD ɗin ma za ka iya cire shi ka tafi da shi wata, amma ya kamata ya shiga lissafi.

Mataki na huɗu: a shago

Tafi da laftof ɗin in da hali. Kada ka yi cinikin biri a sama. Faɗi abin da kake so dalla-dalla: "Malam, M.2 nake nema, NVMe, 2280, giga 512." In mai shago ya ce maka, "Ai duk ɗaya ne, Yallaɓai, zai shiga," ka ce masa ka yarda zai shiga, amma a gwada a gabanka a ga ko kwamfutar za ta gan shi. Mai gaskiya ba ya ƙin gwaji.

Sa manhajar CrystalDiskInfo a filash ɗinka tun daga gida. Kyauta ce kuma akwai wadda ba sai an ɗora ta ba. Tana karanta rahoton da ma'ajin ke ajiyewa game da kansa. Shuɗi da kalmar Good lafiya ce, rawaya da Caution alamar an fara samun matsala, ja kuwa kada ka taɓa. Duba Power On Hours, wato awannin da ya yi a kunne. Sabo fil ya kamata ya nuna sifili ko 'yan ƙalilan. In an ce maka sabo ne ka ga dubban awanni, cire shi aka yi daga wani inji. Na hannu ba laifi ba ne in lafiyarsa tana sama kuma an sayar maka a kuɗin na hannu. Laifin shi ne a kira shi sabo.

Akwai jabu, kuma sunayen da aka fi amincewa da su, irin Samsung da Kingston da SanDisk, su aka fi kwaikwaya. Mafi muninsu shi ne wanda aka yi wa dabara yana nuna tera 1 ko 2 alhali cikinsa bai wuce 'yan gigogi ba. Zai karɓi fayiloli kamar ba komai, sai ranar da ka zo buɗe su ka tarar duk sun lalace. Manhajar H2testw ce ke tona shi: tana cika ma'ajin da bayanai ta sake karantawa. Tana cin awanni, don haka a gida za ka yi, a ranar da ka saya, kafin ka zuba komai naka. Karɓi rasit mai lambar jikin kayan, ku kuma yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Amma kada ka je ka tayar da rigima saboda giga 256 ya nuna 238, ko 512 ya nuna 476, ko tera 1 ya nuna 931. Ba sata ba ce. Kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024.

Mataki na biyar: tsare bayananka, sannan ka zaɓi hanyar ƙaura

Kwafe duk abin da ba za ka iya jure rasawa ba zuwa wani wuri daban: aikin kammala karatu, hotunan iyali, takardun kwastomomi. Sannan duba ko BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanan faifai, a kunne yake, domin yawancin laftof na ofis suna da shi. In a kunne yake, nemo lambobinsa 48 na buɗewa ka rubuta a takarda, ko ka kashe shi ka jira ya gama warwarewa. In ka cire faifan ba ka da lambobin, babu mai gyaran da zai iya buɗe maka shi.

Hanyoyin ƙaura biyu ne. Ta farko ita ce kwafe tsohon faifan ɗungurungum zuwa sabon, da Windows da manhajoji da komai. Za ka buƙaci gidan USB da za ka sa sabon a ciki, kuma shi ma gidan M.2 akwai na SATA akwai na NVMe, sai ka duba. Manhajar kwafewa ta Clonezilla kyauta ce amma tana son wanda ya saba. Samsung da Western Digital suna da nasu manhajojin masu sauƙi ga wanda ya sayi kayansu. Sharaɗi shi ne abin da ke cikin tsohon kada ya fi girman sabon. Ka natsu wajen zaɓar wanne ake kwafa daga gare shi, wanne ake kwafa a kansa, domin in ka juya su ka shafe komai. Kuma kada ka fara sai batir a cike yake, ko kana kan inbata ko janareta; ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na nufin a sake daga farko.

Ta biyu ita ce ɗora sabuwar Windows. Ni ita na fi so ga injin na hannu, saboda ba ka san tarkacen da aka bari a ciki ba. Nemi filash mai giga 8 wanda ba komai a ciki, ka sauke Media Creation Tool, manhajar da ke zuba Windows a filash, daga shafin Microsoft, ka tanadi data ta giga 6 zuwa 8. Yawancin injinan da suka fito daga zamanin Windows 8 zuwa yau lasisinsu yana cikin bod, da ka hau intanet zai dawo da kansa.

Mataki na shida: buɗewa da sanyawa

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare caja, cire batir in mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar Jos ta bushe ƙayau, ga kowa cikin rigar sanyi. Ɗan tartsatsin nan da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ko ka gaisa da wani, ya isa ya kashe ƙwayar lantarki. Cire suwaita, kada ka yi aikin a kan katifa ko bargo ko kafet, yi a kan teburin katako, kuma ka taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka sa hannu a ciki. Riƙe katin ta gefunansa, ban da haƙoran.

Kwance notocin baya ka jera su a kan takarda yadda suke a jikin injin, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gurbin gajere yana iya huda bod. Murfin in ya ƙi tashi, sa tsohon katin roba a tsagar ka bi gefe a hankali, za ka ji yana ɓallewa ƙas-ƙas. Kada ka sa wuƙa. In batirin na ciki ne, zare wayarsa daga bod kafin komai.

Na inci 2.5: kwance notocin da suka riƙe shi, ja shi baya ya fita daga bakin, kada ka ɗaga shi sama yana ciki. Yawanci yana cikin wani ƙarfe ko roba. Cire ka mayar wa sabon a daidai yadda yake. In siririyar waya ce mai kama da leda ta haɗa shi da bod, bi ta a sannu, saurin yagewa gare ta kuma samunta wahala ne.

Na M.2: saita giɓin da tudun da ke cikin ramin, shigar da katin a karkace, bayansa a ɗage kaɗan, tura har haƙoran su ɓace. In ka sake shi zai tsaya a ɗage, haka ya kamata. Danna bayan da yatsa ya kwanta, ɗaura notin, da ya kama ka tsaya. Notin ƙarami ne ƙwarai kuma sau da yawa ba ya zuwa da katin, don haka in babu a injinka ka roƙi ɗaya a shago tun wajen saye.

A kwamfutar tebur wayoyi biyu ne za ka haɗa, ta bayanai daga bod, ta wuta daga akwatin wuta. Bakinsu lanƙwasa gare shi a gefe ɗaya, ba sa shiga a juye sai an yi musu ƙarfi, kuma ƙarfin ne ke karya su.

Mataki na bakwai: kunnawa

Kafin ka ɗaure murfi duka, mayar da batir ka kunna ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ta hanyar danna maɓalli da zarar ka kunna: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. In sunan sabon ma'ajin ya bayyana, an gama da mai wuyar. In bai bayyana ba, kashe, cire, sake zaunar da shi da kyau. In har yanzu shiru, koma mataki na biyu. A tsofaffin injina ka tabbatar saitin SATA a cikin BIOS yana kan zaɓin AHCI.

Don tashi daga filash, F9 ne a HP, F12 a Dell da Lenovo. A wasu sababbin injina masu Intel zubi na 11 zuwa sama, BIOS na ganin katin amma wajen ɗora Windows sai a ce babu faifai. Ba lalacewa ya yi ba; direban Intel RST, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta ga katin, ake buƙata a kan filash ɗin, ko a kashe saitin da ake kira VMD a cikin BIOS in akwai wurin kashewa.

In ma'aji na biyu ka ƙara kuma bai fito a This PC ba, danna dama a kan Start, shiga Disk Management, zaɓi GPT, wato sabon tsarin raba faifai, ba MBR ba, ka yi masa sabon kaso da fomat. MBR tsohon tsari ne, ba ya wuce tera 2.

Mataki na takwas: tsohon faifan, da kula da sabon

Kada ka yi wa tsohon fomat sai ka yi mako ɗaya ko biyu kana aiki da sabon ka tabbatar ba abin da ya ɓace. Bayan haka, in lafiyarsa shuɗi ce, sa shi a gidan USB ya zama ma'ajin waje. Mai inci 2.5 wutar USB ta ishe shi; mai 3.5 sai da cajarsa daban saboda yana buƙatar bolt 12. Soka shi a ramin USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne. A tsohon ramin USB 2 ba zai wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa ba. USB-C ma siffar baki ce kawai, ba ta tabbatar da gudu. Laftof mai gurbin CD kuma za a iya cire na'urar CD ɗin a sa faifan a wurin da wani gida da ake kira kadi, a auna kaurin, 9.5 ne ko 12.7. In Windows kaɗai za ka riƙa sokawa, yi masa fomat da NTFS. In har da Mac, exFAT. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4.

Shi sabon ba ya son hidima da yawa. Bar masa wuri kamar kashi 15 zuwa 20 babu komai, kada ka sa masa manhajojin defrag na da, masu jera fayiloli a faifai, Windows ta san yadda take kula da shi. Girgizar keke ko faɗuwar jaka da ke kashe HDD ba ta cika damunsa ba. Amma ka san halinsa: HDD yakan yi gargaɗi, ya yi nauyi, ya yi ƙara, shi kuwa SSD yana iya mutuwa farat ɗaya, kuma abin da ka goge a kansa da wuya ya dawo. Don haka duk abu mai muhimmanci ya zama yana wuri biyu, ɗaya a faifan waje da ba ya kwana a soke, musamman da damina lokacin tsawa, ɗaya kuma a Google Drive, wanda ke ba da giga 15 kyauta.

In wata rana faifan wajen ya fara ƙara ƙyat-ƙyat, ko Windows ta ce sai an yi masa fomat kafin ya buɗe, kada ka amsa mata, kada ka yi ta cirewa kana sokawa, kada kuma ka bari a buɗe cikinsa a shago, ƙura kaɗan ta isa ta kankare fuskar faifan. Zare shi ka ajiye, ka kai wa wanda aikinsa ceto bayanai ne, ka kuma gaya masa ya fara ɗaukar kwafin faifan gaba ɗaya zuwa wani kafin ya gwada kowane gyara.